5G a Najeriya: lasisi daga Abuja, ƙasa a hannun gwamna

Ranar 13 ga Disamban 2021, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon iska na 3.5GHz, wanda za a ɗora sabuwar fasahar wayar salula ta 5G a kai, a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja. Kaso biyu aka fitar, kowanne mai faɗin 100MHz, kamfanoni uku kuma suka shiga takara. An sa farashin farawa a dala miliyan 197.4, aka yi ta tayi har Airtel ya janye a zagaye na 11. MTN da wani kamfani mai suna Mafab, wanda kafin ranar ba kowa ya taɓa jin sunansa ba, suka tashi da lasisin a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. Bayan shekara guda aka sake buɗe gwanjo, Airtel ne kaɗai ya cika sharuɗɗa, ya biya dala miliyan 316.7 na kason 5G haɗe da ɗan ƙarin zango na 4G. Idan aka tattara, baitulmalin tarayya ya samu sama da dala miliyan 800 daga sayar da abin da ido ba ya gani.

MTN ya fara kunna sabis ɗin a watan Agustan 2022, Airtel ya bi a watan Yunin 2023. Mafab ya nemi ƙarin wa'adi aka ba shi, ya yi bikin ƙaddamarwa a Janairun 2023, sannan aka daɗe ba a ga layinsa a hannun jama'a ba. Alƙaluman NCC na ƙarshen 2024 sun nuna layukan da ke kan 5G ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, alhali kusan kashi 40 cikin 100 suna nan a kan 2G, fasahar da ta shigo ƙasar tun 2001. Wani zai ce ai talauci ne, wayar da ke ɗaukar 5G ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane. Gaskiya ne, amma ba nan maganar ta tsaya ba. Ko mai tsadaddiyar waya, da zarar ya bar wasu unguwannin Abuja ko Legas ko Kano, alamar 5G za ta ɓace daga fuskar wayarsa. Babban dalilin hakan yana cikin dokokinmu.

Sai an fara fahimtar halin zangon kansa. Duk wanda ya saba da rediyo ya san cewa zango zango ne: wani yana cin nisa, wani ba ya wuce gari. Haka abin yake a wayar salula. Zangon ƙasa-ƙasa, irin su 800 da 900MHz, yana tafiya nesa, yana ratsa bango, amma bai iya ɗaukar data mai yawa. Na 3.5GHz yana ɗaukar data mai ɗimbin yawa cikin sauri, sai dai tafiyarsa gajera ce, gini da bishiya ma suna rage masa ƙarfi. Saboda haka yankin da ƙarfen sabis ɗaya ke wadatarwa a da, yanzu yana buƙatar ƙarafa da dama. Kowane ƙarfe kuma yana son wutar da ba ta yankewa, yana son wayar faiba, wato wayar intanet da ake binnewa a ƙasa, da za ta kwashe datar ta kai cibiya, domin in ba faiba, saurin da ake tallatawa a bakin ƙarfen zai tsaya. Wato 5G aikin haƙa ne da gini da dizal, kuma duk a doron ƙasa ake yinsu.

A nan kundin tsarin mulki ya rabu biyu. Jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka ya ƙunshi gidan waya da tarho da sadarwar iska. A kan haka aka kafa Dokar Sadarwa ta 2003, wadda ta ba NCC ikon ba da lasisi, da raba zango, da amincewa da farashi. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ita ma aka cusa cikin tsarin mulkin, ta ɗora duk filin da ke cikin jiha a hannun gwamna. Tsara birane da ba da izinin gini aikin jiha ne. Ƙananan hukumomi suna da nasu harajin. Kamfanin da ya biya Abuja dala miliyan 273.6 bai sayi izinin haƙa taku ɗaya a titin Zariya Road ba. Kamar mutum ne ya sayi rumfa a tsakiyar kasuwa daga hannun sarkin kasuwa, ya zo da kayansa ya tarar kowace ƙofa da mai gadinta, kowane mai gadi da kuɗin da yake karɓa.

Kuɗin izinin shimfiɗa waya shi ne misali mafi bayyana. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke zama a cikinta, ta amince a riƙa karɓar naira 145 a kan kowace mita ta faiba. Aka tashi taro, kowa ya koma jiharsa ya ci gaba da abin da ya saba, wasu jihohin suna karɓar dubban naira a kan mita guda. A Janairun 2020 ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya sake samun alƙawarin ƙungiyar gwamnoni a kan wannan farashi. Jihar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna ta yafe kuɗin baki ɗaya, Kwara ta mayar da shi naira 1 a kan kilomita. Wasu jihohin sun biyo baya a shekarun da suka gabata, wasu kuma har yau suna jan ƙafa. Abin lura shi ne, duk wannan yarjejeniya ce ta fatar baki tsakanin manya. Babu wata dokar tarayya da za ta tilasta wa gwamna, kuma gwamnan da ya yafe yau, magajinsa na iya dawo da kuɗin gobe da takardar umarni guda. Kamfanin da ke lissafin jarin shekara 15 ba ya iya gina shi a kan halin mutum ɗaya.

Lissafin ba wuya. Kilomita 100 na faiba a kan naira 145 naira miliyan 14.5 ne. A kan naira 4,500 ya zama miliyan 450, tun kafin a sayi wayar ko a biya leburan haƙa. A Legas, inda gidaje ke cunkushe da masu iya biyan kuɗin data, kamfani zai cije ya biya. A hanyar da ta ratsa ƙauyukan Jigawa ko Yobe, inda tazara ke da yawa kuma abin da mutum ke kashewa a waya kaɗan ne, sai ya fasa. Don haka tsadar izini ba ta faɗa wa kowa daidai. Arewa, mai faɗin ƙasa da nisa daga bakin tekun da wayoyin intanet na ƙasashen waje ke sauka, ita ce ta fi cutuwa da ita, kuma abin takaicin, gwamnoninta ne ke riƙe da maganin.

Ba a tsakanin tarayya da jihohi kaɗai ake karo ba. Hukumomin tarayyar ma sun sha taka ƙafar juna. An yi shekaru NCC tana cewa tazarar mita 5 tsakanin ƙarfen sabis da gidan jama'a ta wadatar, hukumar kare muhalli ta NESREA kuma tana cewa sai mita 10, har tana rufe wuraren da NCC ta amince da su. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta ALTON ta daɗe tana kukan cewa haraji da kuɗaɗen da ake karɓa a hannun mambobinta sun haura iri 40, kuma hanyar karɓar wasunsu ita ce a garƙame wurin da kwaɗo a hana kai dizal, sabis ɗin gari ya ɗauke. Harajin kashi 5 cikin 100 da aka so ɗora wa kira da data ya nuna yadda gwamnati ɗaya ke iya yin magana biyu: ma'aikatar kuɗi tana turawa, ministan sadarwa yana adawa a fili a 2022, har Shugaba Tinubu ya dakatar da shi a Yulin 2023.

Sai kuma wayar da aka riga aka binne. Hukumomi sun ce an samu yankewar faiba sama da sau 50,000 a shekarar 2024, kuma kusan 30,000 daga ciki aikin gina hanyoyi ne ya jawo su. Ɗan kwangila ya zo da katafila ya tumɓuke waya, ya wuce abinsa, babu wanda zai tambaye shi. A 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, abin da ya buɗe ƙofar amfani da Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10. Mataki ne mai kyau ga ɓarawon batir da mai satar dizal. Amma mafi yawan ɓarnar daga ayyukan gwamnati take fitowa, kuma da wuya a ga ranar da za a gurfanar da ɗan kwangilar gwamna saboda ya yanke waya. Abin da zai yi aiki ƙa'ida ce mai sauƙi da wasu ƙasashe suka daɗe da ita: duk sabuwar hanyar da za a gina a saka mata bututun waya tun farko, a kuma ajiye taswirar abin da ke binne inda ɗan kwangila zai duba kafin ya haƙa. Wannan ma sai ma'aikatun ayyuka na jihohi 36 sun yarda.

Ɓangaren kuɗi ya ƙara dagula lissafin. Eriya da na'urorin cibiya duk da dala ake shigo da su, kuɗin shiga kuwa da naira yake. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin shekara guda. MTN Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, da kusan biliyan 400 a 2024. Dokar 2003 ta hana kamfani ƙara farashi sai da amincewar NCC, kuma tun 2013 ba a taɓa farashin ba, sai a Janairun 2025 da hukumar, ƙarƙashin Aminu Maida, ta yarda da ƙarin kashi 50 cikin 100, rabin abin da kamfanonin suka nema. Jama'a sun ji zafin ƙarin, ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar zanga-zanga, kuma suna da hujja. Sai dai riƙe farashi shekara 12 sannan a sake shi lokaci guda ya cuci ɓangarorin biyu. Da akwai tsarin duba farashi a kai a kai, wanda aka ɗaure da ingancin sabis, da ba a kai ga haka ba.

A ganina, kuskuren farko a tsarin gwanjon yake. Tun 2001, lokacin da MTN da Econet suka biya dala miliyan 285 kowannensu, gwamnati ta saba kallon zangon iska a matsayin hanyar cike giɓin kasafi. Gwanjo a fili ya fi rabon ɗaki, ba shakka, kuma na 2001 ya jawo wa NCC mutunci a duniya. Amma duk dalar da kamfani ya zuba a lasisi, dala ce da ba za ta shiga haƙa da kafa ƙarfe ba. Sharuɗɗan shimfiɗa sabis da aka haɗa da lasisin 5G an auna su ne da yawan jihohi, shiyya-shiyya, kuma kamfani na iya cewa ya shiga jiha da ƙarafa kaɗan a unguwar masu hali ta babban birninta. Burazil ta yi nata gwanjon wata guda kafin namu, a Nuwamban 2021, ta bi wata hanyar: mafi yawan darajar lasisin ba kuɗi ne a hannu ba, alƙawuran aiki ne da aka rubuta, irin su kai sabis ga ƙananan garuruwa da manyan hanyoyi da haɗa makarantun gwamnati da intanet. Ghana kuma ta ɗauki hanya ta uku, ta ba kamfani guda, NGIC, lasisin gina 5G na haɗaka wanda sauran za su riƙa haya a kai. Wannan yana rage maimaita aiki, amma yana ɗora ƙasa gaba ɗaya a kan kafaɗar kamfani ɗaya, kuma Malesiya da ta fara gwada irinsa ta dawo ta buɗe wa na biyu. Kowace hanya da haɗarinta. Tamu ita ce ta fi kawo kuɗi ranar gwanjo, ta fi barin karkara a baya.

Batutuwan da suka fi tayar da ƙura a duniya ba su ne suka fi damun Najeriya ba. Jita-jitar 2020 cewa 5G ke yaɗa korona ta sa an ƙona ƙarafan sabis a Birtaniya, a nan kuma ta kai Majalisar Dattawa ga neman a dakata a yi bincike, abin da ya ci lokaci kafin majalisar zartarwa ta amince da manufar 5G a Satumban 2021. Rikicin da aka yi a Amurka a Janairun 2022, inda kamfanonin jiragen sama suka ji tsoron 5G zai rikita na'urar auna nisan jirgi da ƙasa, ya taso ne saboda zangonsu ya matso kusa da na jiragen, mafi yawan namu kuwa yana ƙasa da haka. Abin da aka yi a nan shi ne sasantawa da kamfanin tauraron ɗan'adam na gwamnati, NigComSat, ya matsa daga zangon a 2021. Game da Huawei, kamfanin Sin mai ƙera kayan sadarwa, Amurka ta sa shi a jerin takunkumi a 2019, Birtaniya ta ba da umarnin cire kayansa daga 5G kafin ƙarshen 2027. Najeriya ba ta bi sahu ba, kuma ba ta da halin bi, domin kaso mai yawa na na'urorin da ke aiki a ƙasar na kamfanonin Sin ne.

Batun da ya kamata ya fi tsaya wa ɗan Arewa a rai shi ne ikon kashe sabis. A farkon Satumban 2021, bisa roƙon gwamnan Zamfara Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su kashe ƙarafansu a jihar baki ɗaya don a yaƙi 'yan bindiga. Matakin ya bazu zuwa ƙananan hukumomi da dama a Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni a haka. Mutane suka riƙa tafiya mai nisa don su kira 'yan'uwa ko su karɓi kuɗi, wanda aka kawo wa hari kuma ba shi da hanyar neman agaji. Sashe na 148 na dokar 2003 ya ba hukumar iko mai faɗi a lokacin gaggawa ko don tsaron jama'a, amma ba a ga umarnin kotu ba, ba a ga wa'adin da doka ta ƙayyade ba, ba a kuma fitar da rahoton da ke auna ko matakin ya yi amfani ba. A shekarar ce kuma aka toshe Twitter na wata bakwai, kotun ECOWAS ta yanke a Yulin 2022 cewa toshewar ta saɓa doka.

An rubuta wannan sashe ne lokacin da waya ta kira ce kawai. Yau mai POS, da banki, da asibiti, da ɗalibin da ke rajistar JAMB duk a kan sabis suke rataye. Alƙawarin 5G shi ne a ƙara rataya wasu abubuwan: mitar wuta, kyamarar tsaro, famfon ban ruwa, na'urorin masana'anta. Duk yadda dogaron ya ƙaru, haka ɓarnar kashewa za ta ƙaru, kuma babu mai zuba jari a irin waɗannan ayyuka a jihar da wasiƙa ɗaya ke iya ɗauke mata sabis ba tare da ranar dawowa ba. Ba ina cewa kada hukuma ta taɓa samun wannan iko ba ne. Ya kamata dai doka ta fayyace wanda zai nema, da alƙalin da zai amince, da iyakar kwanaki, da wanda za a yi wa bayani daga baya.

Haka zancen bayanan mutane. Ƙarafa masu yawa kusa da juna suna nufin kamfani ya san inda kake da daidaito fiye da da. Tun Disamban 2020 aka ɗaure kowane layi da lambar NIN, wato wannan sani yana da suna da hoto a jikinsa. Ƙa'idojin sauraren sadarwa na 2019 sun ba jami'an tsaro hanyar shiga. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta kafa hukuma ta musamman, abin a yaba, sai dai ta yi wa harkar tsaron ƙasa sassauci mai faɗi. Yanzu kamfanin waya yana amsa wa NCC, da hukumar kare bayanai, da hukumar kare masu sayayya ta FCCPC, da Babban Banki idan yana harkar tura kuɗi, da ofishin mai ba da shawara kan tsaro. Talakan da aka cuta kuwa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Fasahar ma ba ta jira a gyara dokar. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma ba ya buƙatar izinin haƙa daga kowane gwamna. A Oktoban 2024 ya ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000 ba tare da amincewar NCC ba, hukumar ta yi magana, ya janye na ɗan lokaci. Nan gaba kaɗan tauraron ɗan'adam zai riƙa magana kai tsaye da wayar hannu, kuma dokar da ta raba lasisin tauraro da na salula gida-gida za ta rasa inda za ta ajiye shi.

Lasisin da aka bayar a 2022 na shekara 10 ne, zai ƙare a 2032, kusa da lokacin da ake sa ran 6G, wanda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta riga ta fitar da tsarinsa a 2023. Kafin nan akwai sauran zango da za a sayar, musamman na ƙasa-ƙasa mai cin nisa, wanda shi ne zai amfani karkara. Shirin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin kaiwa kashi 70 cikin 100, bai kai ba, yanzu kuma ana maganar shimfiɗa kilomita 90,000 na faiba a ƙarƙashin minista Bosun Tijani. Kowace kilomita a cikinsu za ta ratsa filin wata jiha. Gwamnatin tarayya tana da abin cinikin da ba ta yi amfani da shi sosai ba: ta iya cewa jihar da ta mayar da naira 145, ko yafewar, dokar majalisar jiha maimakon umarnin gwamna, ita za a fara kai wa wayar, ita kuma za ta fara cin tallafin asusun USPF na kai sabis karkara.